Auta, Kafin Motarku Ta Kama Hanyar Agadas

Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da gajiyar aiki, ina gaida mai gidanka direba da sauran abokan aikinka na garejin Alhaji. Allah shi sa takardar ga ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, shi tsare mini kai zaune da tafe, shi raba ka da sharrin hanya da sharrin abokin hanya.

Yayarka ta ce mini motarku za ta tashi bayan sallar Juma'a da lodin hatsi zuwa Agadas, daga can kuma sai inda Alhaji ya tura ku. Tun da ka kwashe kayanka ka koma kwana a gareji, ɗakin ga ya yi mini girma. Har yanzu in na zo zuba tuwo sai hannuna ya jawo kwanonka, sai na tuna in mayar. Ban hana ka tafiya ba, kuma ba zan hana ka ba. Namiji ne kai, aikin aparanti, wato yaron mota, kuma aiki ne na halal, da shi manyan direbobi suka fara. Sai dai akwai maganar da ban iya yi maka ido da ido, don da na buɗe baki kake sunkuyar da kai ka ce "to, Inna," tun ban kai inda za ni ba. Shi ya sa na zauna na rubuta da hannuna, da ɗan bokon da na koya a ajin manya. In ka ga baƙi ya karkace, ka yi haƙuri ka karanta a hankali.

Ka san ciwon da muke ɗauke da shi ni da kai, ba sai na ɓoye sunansa ba, sida ce, wadda wasu ke kira ƙanjamau. Ka san babanka ma da ita ya rayu. Abin da ba ka sani sosai ba shi ne yadda ya tafi, don kana yaro, mu kuma muka bar ka da cewa tari ne. Tarin ne ya ƙarasa shi, gaskiya ne. Amma akwai abin da ya buɗe wa tarin ƙofa.

Lokacin muna Tsibiri, gidan kakanka. Kana ɗan tatata ka kwanta ciwo, zawo da zazzaɓi ba sa barinka, har aka turo mu babban asibiti a Maraɗi. Nan aka auna ka, aka auna ni, aka auna babanka. Yayarka kaɗai Allah ya tsallakar. Aka ɗora mu kan magani mu uku, kuma wallahi maganin ya karɓe mu. Kai ka yi ƙiba har kumatu, ni na koma kan keken ɗinkina, babanka ya koma kabu-kabu da babur ɗinsa, yana ɗauko mutane daga Tsibiri zuwa kasuwar Maraɗi. Amma zuciyarsa ba ta warke tare da jikinsa ba. Gani yake shi ya jawo mana, gani yake kwanansa kaɗan ne, dole ya tara muku abin da zai bari. Sai ya karɓi wata garka, wato lambu, a Jiratawa, yana noman tattasai da zogale. Da safe babur, da rana ban ruwa, da marece babur kuma. Jikin mutum ɗaya ba ya ɗaukar wannan.

Wani abokin sana'arsa ne ya fara jefa masa taramol cikin shayi, ya ce maganin gajiya ne. Ni ban ga ranar da aka fara ba, amma na ga abin da ya biyo baya. Mutumin da yake share kwano ya koma taɓa tuwo ya ture. Yana zaune sai ya yi ta susar jiki, gumi na karyo masa ko da sanyi. Wata rana ya shigo da fara'a fiye da kima, yana ta zuba, wata rana ƙaramin abu ya sa ya daka muku tsawa. In na zo wanki sai in tarar da fankon takardar ƙwaya a aljihunsa. Na san ba irin tamu ba ce, tamu a kwalba take.

Auta, ban tambaye shi ba. Na ce a raina mutumin ga kayan da ke kansa sun ishe shi, kada in ƙara masa. Na ce ai aiki yake, ba yawon banza ba. Na kuma ji nauyi, don a gidanmu ba a koya mana mace ta tsare mijinta da tambaya ba. Ranar randebu, wato ranar da aka sa mana mu koma karɓar magani, mu kan tafi asibiti tare, ina zaune gefensa majo, malamin asibitin, zai ce, "Malam, ana shan magani?" Ya ce, "Ana sha." A auna nauyinsa, a ba mu kwalabe mu fito. A wancan lokacin ba a tambayar kowa ko yana shan wani abu daban. Ni da na sani kuma na kama bakina.

Ranar da ya faɗi, a garka ne da hantsi. Maƙwabcinsa na gona ya ce yana tsaye bakin hanyar ruwa sai ya sandare, ya kife, jiki na karkarwa, kumfa a baki. Aka kawo mana shi Tsibiri a amalanke. Mutane suka cika gidan, wannan ya ce iska ce, wancan ya ce an yi masa jifa saboda garkarsa ta yi kyau. Aka yi ta hayaƙi da rubutu. Ina ji ina gani na bar su a kan iska, don a ce aljani ya taɓa mijina ya fi mini sauƙi da a ce ɗan ƙwaya ne. Ya farfaɗo, ya koma aiki, ya sake faɗuwa. Da jiki ya ƙi ƙwarai, na tafi Jiratawa in kwaso kayansa. A 'yar bukkar da yake ajiye fartanya na iske kwalaben maganinsa na asibiti a jere cikin buhu, wasu ko buɗe su ba a yi ba. Ba ƙin magani ya yi ba. Mantuwa ce, yau ya sha gobe ya manta, har mantuwar ta zama hali, sannan kunyar a gane ta sa yake ɓoye su.

A gadon asibiti na tambaye shi, lokacin da tambayar ba ta da sauran amfani. Na ce, "Malam, wannan ƙwayar da kake sha, tun yaushe?"

Ya dube ni ya ce, "Ashe kin sani?"

Na ce, "Na daɗe da sani."

Ya ce, "Kullum in na shigo gida ina sauraron ki yi magana. Da na ga kin yi shiru, sai na ce wa kaina abin bai kai a damu ba."

Bai faɗa da zargi ba, Allah shi jiƙansa, har hannuna ya riƙe. Amma maganar ga tana nan tare da ni. Don haka ka ji, ɗana: duk wanda kake ƙauna, in ka ga alama a jikinsa, ka tambaye shi tun abin yana ƙarami. Ka ja shi gefe, ka sassauta murya, kada ka kira shi da mugun suna. Ko ya yi fushi, fushin zai wuce. In kuma kai aka tambaya, kada ka ɗauka an raina ka. Wanda bai damu da kai ba kallonka kawai zai yi.

Za ka ce wadda ta ga wannan da idonta ba za ta kusanci ƙwaya ba har abada. Ni ma haka na zata.

Cikin takaba barci ya ƙaurace mini. In na rufe ido sai in ga buhun nan. Wata mai tallan magani da take shigowa gidaje da tire a ka, ta ga idona ta ce, "Baiwar Allah, ke ba ki barci." Ta ba ni wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi, ta ce rabi ya isa. Ranar na yi barcin da na daɗe ban yi ba. Ban taɓa kawo wa raina cewa hanyar babanka na hau ba. Shi ɗan ƙwaya a wurina saurayi ne mai jajayen idanu a bakin tasha, ba mace mai takaba da carbi a hannu ba. Rabi ya koma ɗaya, ɗaya ya koma biyu. Bayan mun taso Maraɗi muka kama ɗakin haya, sai ya zama ba na tashi sai rana ta take. Sallar asuba ta riƙa kuɓuce mini. Maganina na safe ya koma na duk lokacin da na tuna. Naka ma haka, Auta. Sau nawa ka tafi lakwal karatu ba ka sha ba, don uwarka na kwance kamar an danne ta da dutse. Yayarka ce take dama muku koko, tana 'yar yarinya.

A lokacin an kawo Madam Hauwa aiki a ɗakin da muke karɓar magani. Ka san ta, ita ce har yau take tsokanarka da angon Jiratawa. Ita ta fara yi mana tambayoyin da ba a saba ba. Ta ce mini, "Kowa nake tambaya, har limamai, kada ki ji komai. Ban da maganinmu, akwai abin da kike sha? Na barci, na gajiya, siro na tari, taba, ko wani abu?"

Na ce, "Ni? Allah shi kiyaye." Har da ɓata rai.

Ta ce, "Madalla. In wata rana akwai, nan ne wurin faɗa."

Na fito ina jin haushinta. Da aka ɗebi jininmu aka auna yawan ƙwayar cutar, sakamako ya dawo ba daɗi, nawa ya hau, naka ya hau. Na shiga ɗakinta ina jiran faɗa. Ta tura ka waje ka yi wasa, ta rufe ƙofa, ta jawo kujera kusa da ni. Ba ta ce na yi ƙarya ba. Cewa ta yi, "Maman Auta, yaya barci tun rasuwar mai gidan?"

Ban san sanda kuka ya ƙwace mini ba. Na kwance bakin zane na zube mata ƙwayoyin a tebur. Ta duba ta ce, "Kin kyauta da kika nuna mini. Abin bai yi nisa ba, za mu iya da shi." Na ce daga yau na bari, ta zubar da su. Ta ce a'a, irin wannan ba a yanke shi rana ɗaya, jiki na iya birkicewa har mutum ya faɗi. Ta kai ni wurin likita, suka tsara mini yadda zan riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, suka matso da randebuna kusa-kusa. Ta haɗa ni da wasu mata masu irin ciwonmu da suke zama suna hira a bayan asibiti. Ba zan ce maka da sauƙi ba. Na yi kwanaki ban iya ko zura zare a allura. Sau ɗaya na koma wurin mai tiren, na je na faɗa wa Madam da kaina ina jin kamar ƙasa ta tsage. Ta ce, "To, mun yi tuntuɓe. Mu tashi daga nan." Kafin damina ta zagayo na rabu da su. Awon da ya biyo baya aka ce cutar ta kwanta, tawa da taka, har na'ura ba ta ganinta. Ga ni yau ina ɗinki, na aurar da yayarka, na goya jika.

Ni da babanka rami ɗaya muka faɗa. Ban fi shi imani ba, ban fi shi hankali ba. Ni dai an tambaye ni da wuri, an kuma sake tambayata bayan na yi ƙarya. To duk asibitin da ka shiga, a Maraɗi ko Agadas ko wani gari, in suka yi maka irin tambayar ga, ka faɗi gaskiya tun a karo na farko. Ba 'yan sanda ba ne, ba za su kai ka wurin Alhaji ba, ba za su hana ka maganinka ba. So suke su san abin da ke shiga jikinka don su san yadda za su taimake ka. In ma ba su tambaya ba, kai ka faɗa. Kuma ko me ya faru, ko ka yi abin da kake jin kunyarsa, kada ka bar shan maganin asibiti, kada ka ƙi zuwa randebu don gudun a gane. Kunyar nan ita ta cika buhun babanka.

Akwai kuma abin da na yi maka kai kanka. Kana ƙarami kana tambayata, "Inna, me ya sa ni nake shan magani kullum, Yaya ba ta sha?" Sai in ce maganin ƙarfi ne, don ka girma ka fi kowa. Kana haɗiyewa kana nuna mini damtse. Na ja wannan maganar har ka yi wayo, har ranar da ka karanta sunan da ke jikin kwalbar ka je ka bincika da kanka. Ka tuna yadda ka dawo ka zauna a bakin ƙofa, ka ƙi cin abinci, ka yi kwanaki ba ka ce mini uffan ba. Ranar da ka buɗe baki cewa ka yi, "Inna, da ke kika gaya mini da ya fi." Ka yi gaskiya. Mun wuce wannan, ka yafe mini, na sani. Abin da yake damuna yanzu shi ne, da bakina na koya maka cewa ƙarfi a cikin ƙwaya yake. Inda za ka, kalmar da za su faɗa maka ke nan. A tasha, a wurin mai shayi, a inda mota ta lalace cikin daji kuna sauke buhuna kuna mayarwa, wani zai miƙo maka ya ce, "Karɓi, maganin ƙarfi ne, kowa na sha." Ba lalle mugu ba ne, wataƙila tausayinka ya ji. Ka ce masa kana da ciwon da likita ya hana ka, ba sai ka faɗi wane ba. In ka gaji ka ce ka gaji. In barci ya zo ka nemi inuwar mota ka kwanta. Aparantin da ya yi barci an yi masa faɗa ya fi wanda ya faɗo daga saman lodi. In kuma ka ga mai gidanka direba yana sha yana kama sitiyari, ranka ne a hannunsa, ka sami lokacin da yake cikin natsuwa ka yi masa magana da ladabi. In abin ya ƙi, ka sauka ka dawo gida. Ba wanda zai ce ka kasa.

Yanzu ga abin da ya sa ban bari sai ka dawo ba.

Zuwanka biyu na ƙarshe, na zuba maka tuwo da miyar kuka da man shanu, wadda kake lashe kwano, ka ci loma kaɗan ka ce ka ƙoshi. Na ga kana ta magana da sauri, kana dariya, ƙafarka ba ta zauna wuri ɗaya ba. Mai yiwuwa ɗokin tafiya ne. Mai yiwuwa ka ci wani abu a gareji kafin ka zo. Ina roƙon Allah ya zama haka ne, in ya zama haka ka yi wa tsohuwarka dariya, ka ce tsoro ya sa tana ganin abin da babu. Amma na taɓa ganin alama na yi shiru, ba zan sake ba.

Auta, kana shan wani abu? Ko sau ɗaya ne, ko cikin shayi aka sa maka, ko don lodi ya yi yawa?

Ba fushi nake ba. Wallahi ko ka ce e, kai ne dai Autana, ba abin da zai ragu. In ka ji nauyin faɗa mini, ban matsa ba. Randebunka na ranar Laraba ne, za ka je karɓar maganin da zai ishe ka tafiya. Ka roƙi su ba ka na watanni, su kuma rubuta maka takardar da za ka nuna a asibitin wani gari in ya ƙare maka a hanya. Madam Hauwa za ta yi maka tambayar da take yi wa kowa. Ban gaya mata komai ba, ba kuma zan gaya mata ba, maganar taka ce. In babu, ka ce babu da gaba gaɗi. In akwai, ka faɗa mata ko nawa ne, ko tun yaushe ne, ka bar ta ta nuna maka hanya. In ta ce ka jinkirta wannan tafiyar, ka jinkirta, ni zan je da ƙafata in ba Alhaji haƙuri, in ce jikinka ne ba daɗi, ba kuma ƙarya na yi ba. Agadas ba za ta gudu ba.

Kwalbarka kada ka bar ta a gaban mota inda rana ke dukanta. Na ɗinka maka 'yar jaka mai igiya da za ka rataya a cikin riga, tana cikin ƙullin da yayarka za ta ba ka, tare da dakuwa da garin yaji. Ka sa wa tarhonka ƙararrawa a lokacin shan magani. Ka riƙe salla ko a kan tafiya. In Allah ya haɗa ka da yarinyar da ta kwanta maka a rai, kada ka yi gaggawa, ka zo mu je wurin Madam tare, akwai yadda ake yi yanzu a yi aure a haifi 'ya'ya lafiya lau.

Ranar Juma'a ba zan zo gareji rakiya ba. Na san kaina, zan yi kuka a gaban abokan aikinka in ba ka kunya. Ka biyo ta gida bayan an sauko daga masallaci, ko tsaye ne, in dafa kanka in yi maka addu'a. Ba sai ka ce komai a kan takardar ga ba. Ka dai ɗago kai ka dube ni.

Allah shi kai ku lafiya shi dawo da ku lafiya. Allah shi tsare gabanka da bayanka, shi sanyaya maka rana, shi taƙaita maka nisa, shi haɗa ka da mutanen kirki a duk inda kuka yada zango. Allah shi jiƙan babanka, shi ba ka tsawon ran da bai samu ba. Na yafe maka duniya da lahira, Allah shi yi maka albarka.

Wassalam.

Innarka